Furotin Mai Dakon Kitse da Rawarsa a Girma da Rarrabuwar Ƙwayoyin Halitta

1.0 Gabatarwa

Sanannen abu ne cewa kitse ba ya narkewa a ruwa, alhali kuwa ruwa ne ya fi yawa a cikin ƙwayar halitta. Don haka asid ɗin kitse da ya shiga ƙwaya yana bukatar mai ɗaukarsa. A shekarar 1972 Robert Ockner da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wani ƙaramin furotin mai wannan aiki a hanji da hanta da zuciya, wanda ake taƙaita sunansa da FABP. Siffarsa kamar tulu ce mai murfi, kitsen yana zaune a ciki. Yana da ire-ire, an kuma raɗa wa kowanne sunan gaɓar da aka fara ganinsa. Da farko an ɗauke shi ɗan dako kawai. Wannan maƙala za ta nuna cewa aikinsa ya wuce nan.

2.0 Girma da Rarrabuwa

Girma a nan shi ne ƙwaya ta tsage gida biyu, biyun su zama huɗu. Rarrabuwa kuwa ita ce ƙwaya ta rungumi sana'a guda, wato ta zama ta fata ko ta kitse ko mai tsatso da nono. Galibi wadda ta kammala rarrabuwa takan daina tsagewa. Wadda ta ƙi dainawa ita ce tushen sankara.

A shekarar 1987 Böhmer da Grosse da abokansu a Balin suka ciro wani furotin daga hantsar saniya mai shayarwa, suka ga yana rage yaɗuwar ƙwayoyin sankarar mama a kwanon gwaji. Sai suka kira shi mai hana girma. Daga baya ta bayyana cewa ba baƙo ba ne: kusan shi ne FABP na zuciya. Haka nan FABP4 yakan yawaita ainun yayin da ƙwaya take rikiɗa ta zama ta kitse, har masana suka mai da shi shaidar wannan rikiɗa.

3.0 Kaya Ɗaya, Masauki Biyu

Abin da ya fi ɗaukar hankali ya fito ne a 2007 daga ɗakin binciken Noa Noy. An daɗe da sanin cewa asid ɗin retinoyik, wanda jiki ke samarwa daga bitamin A, yakan tsayar da girman wasu ƙwayoyi, amma ya ingiza na wasu. Binciken ya danganta wannan saɓani da mai dakon. Idan furotin CRABP-II ne ya fi yawa, yakan kai asid ɗin ga mai karɓa RAR a cibiyar ƙwaya, sai ƙwayar ta tsaya ko ta mutu. Idan kuwa FABP5 ne ya rinjaya, sai ya kai shi ga PPAR-delta, ƙwayar ta rayu ta yaɗu. Ba mamaki ke nan da aka fara gano FABP5 a 1992 cikin fatar masu cutar soriyasis, inda ƙwayoyi ke tsagewa fiye da kima.

Wannan bayani yana da ƙarfi, ko da yake wasu masana sun musanta cewa asid ɗin retinoyik yana motsa PPAR-delta kai tsaye. Ga likita kuwa maganar ba ta ka-ce-na-ce ba ce, domin in bayanin ya tabbata, maganin retinoyik da aka ba mai ƙari wanda FABP5 ya yi wa yawa zai iya ciyar da ƙarin maimakon ya kashe shi.