Idan ciwo ya shiga gidan fasto

A ƙasar Zuru, daga Dabai har Ribah da Wasagu, idan ciwo ya kwantar da mutum a gidan Kirista, fasto ake fara kira. Shi zai hau babur cikin dare, ya yi addu'a, wani lokaci ma ya cika kuɗin allura daga aljihunsa. Amma ranar da matarsa ko ɗansa ya kwanta, wa yake zuwa?

Masu gaisuwa suna zuwa, ba a rasa su. Sai dai bayan "Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi", akwai raɗe-raɗin da ke biyo baya a bakin majami'a: wai mai yi wa wasu addu'a su warke, me ya hana tasa ci a gidansa? Wasu su ce akwai zunubin ɓoye, wasu su ce sammu ne. Tsoron wannan surutu shi ke sa fastoci da dama su rufe ciwon iyalinsu. A yi ta azumi da sayen ƙwayoyi a kemis, har hawan jini ya zama shanyewar ɓarin jiki, ko kumburin nono ya wuce lokacin da aiki zai yi amfani.

Wannan tunani ba shi da tushe a Littafi Mai Tsarki. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa wata ƙaya a jiki, ba a cire ba. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya, ya kuma shawarci Timoti kan ciwon cikin da yake yawan damunsa. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san Annabi Ayuba, ba wanda ya ce raunin imani ne ya kwantar da shi.

Tarihin yankin kansa shaida ne. Mishan ɗin UMS, wanda ya haifi ikilisiyar UMCA, ya iso Zuru a shekarun 1920, kuma shi ya gina asibitin Tungan Magajiya. Waɗanda suka kawo bishara ba su ga saɓani tsakanin durƙuso da allura ba.

Sauran magana kuɗi ne, kuma a nan ikilisiyoyi suke da laifi. Faston ƙauye da baiko yake rayuwa, baiko kuwa daga gona yake fitowa. Inda 'yan bindiga suka kori manoma a Danko/Wasagu da Sakaba, abin da ke shiga kwanon baiko ya ragu. In babban asibitin Zuru ya tura mara lafiya Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye albashin wata.

Dattawan ikilisiya da zumuntar mata, kada ku jira sai Baba ya buɗe baki, domin kunya ba za ta bar shi ba. Ku yi masa rajistar inshorar lafiya ta jiha shi da iyalinsa, ku ware wani abu daga godiyar kaka don jinya, in kuma yana zaune a asibiti ku nemi mai wa'azin Lahadi a madadinsa.