Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Wane Shiri Masallatan Rano Da Kibiya Suka Yi?

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwalekwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari a ƙaramar hukumar Bagwai. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi. Ranar 15 ga Mayu, 2024 kuma, aka cinna wa wani masallaci wuta a ƙaramar hukumar Gezawa ana cikin sallar Asuba. Duka biyun sun girgiza Jihar Kano. Mun yi salati, mun yi ta'aziyya, muka koma harkokinmu. Amma da irin wannan ta auku a unguwarmu, wa ya san abin da zai fara yi?

Mu mutanen Rano da Kibiya muna da dalilin yin wannan tambaya. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, maƙwabciyarmu ce. Ruwanta yana bi ta Ruwan Kanya ya shiga hanyoyin ban ruwa da manoma ke dogaro da su, yara kuma ba sa rabuwa da bakin ruwa. Dattawanmu ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba. Da damina akwai ambaliya da rushewar gidajen ƙasa, da hunturu akwai gobara. Kafin motar kashe gobara ko jami'an SEMA da NEMA su iso ƙauye, waɗanda ke kusa su ne masu ceto.

Wasu daga cikinmu suna ɗaukar irin wannan shiri a matsayin raunin tawakkali. Tarihin Hijira bai goyi bayansu ba. Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar (RA) sun ɓuya kwana 3 a kogon Sauru, kowa kuma da aikin da aka ɗora masa: Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin Makka, Asma'u ta haɗa guzuri, Amiru bin Fuhaira yana koro tumaki su shafe sawu, Abdullahi bin Uraiƙiɗ kuma shi ne ɗan jagora. Wanda ya fi kowa dogaro ga Allah ne ya yi wannan tsari. Haka Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa da ya ji annoba ta ɓarke a Sham. Malamai sun sanya ceton wanda ke cikin halaka a sahun farilla ta kifaya: idan babu wanda ya ɗauke ta, laifin yana kan duk mai iko.

Ina za mu fara? Daga masallaci da Islamiyya, domin nan muke taruwa kullum. Kwamitin masallaci ya zauna ya rubuta haɗarin da ya fi kusa da unguwarsa. A raba aiki da suna: wane ne zai kira lambar gaggawa ta 112, wane ne zai yanke wutar lantarki, wane ne zai fitar da tsofaffi da naƙasassu, motar wa za ta kai majinyaci Babban Asibitin Rano. A tsayar da fili ko tudu guda da za a taru, malami kuma ya riƙe rajista domin a ƙirga ɗalibai. Kada a kulle ƙofa ana cikin sallah ko karatu, kada a toshe ta da babura, sashen mata ma ya samu mafitarsa.

Sai horo. Muna da 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam, da na Izala, da na Fityanul Islam, ga kuma Red Cross da ke koyar da taimakon gaggawa. A gayyace su su koya mana, maza da mata. Ƙuna ana sanyaya ta ne da ruwa mai tsabta na tsawon minti 20, ba a shafa mata ɗanyen ƙwai ko man goge baki. Wanda ruwa ke ci, a jefa masa igiya ko jarka marar komai a rufe, kada wanda bai iya ruwa ba ya faɗa. Wanda numfashinsa ya tsaya, ana danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura masa iska sau 2, a yi ta maimaitawa. Wannan sai an gwada da hannu a gaban mai koyarwa, karatu kaɗai ba ya isa.

Shirin da ba a gwada ba yakan watse ranar firgici. Saboda haka kowace Islamiyya ta ware yini guda a kowane zango, a kaɗa ƙararrawa, a fita cikin layi, a duba minti nawa aka ɗauka, a gyara kuskure. Limamai su riƙa sanar da hasashen damina na hukumar NiMet bayan sallar Juma'a, hakimai da dagatan Masarautar Rano kuma su bi sawu.

Ajali ba ya jinkiri idan ya zo, amma za a tambaye mu game da amanar yaran da aka damƙa mana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare mu da zuriyarmu. Amin.