Mu Koya Wa 'Ya'yanmu Sanin Koginsu

A watan Agustan 2021 ambaliya ta karya gadar Radabi da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram, wata mota ta afka ciki, aka yi asarar rayuka 21. A daminar 2022 kuma ruwa ya cinye gonaki da gidaje a sassa da dama na Jihar Jigawa. Mun yi jimami, an raba tallafi, rani ya shigo, muka manta. Tambayata ita ce: cikin ɗaliban Dingaya da Gwaram da Birnin Kudu, nawa ne za su iya faɗin inda ruwan ƙasarsu yake fitowa da inda yake dosa?

Amsar ba boyayya ba ce. Kogin Bunga yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya gangaro ya zama Kogin Jama'are, ya haɗu da na Hadeja, su zama Kogin Yobe wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Ke nan ruwa bai san iyakar jiha ba. Wanda ya sare itatuwan bakin rafi a tudu, manomin gangare ne zai kwashi yashi a gonarsa. Mun ga misali a dausayin Hadeja da Nguru, inda sauyin tafiyar ruwa bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa.

A ganina, wannan ilimi ba ya buƙatar kwangila ko kwamfuta. Kowace makaranta za ta iya kafa ma'aunin ruwan sama a filinta, ta kuma kafa sanda mai lambobi a bakin rafi mafi kusa, ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka gani a littafi guda, malami yana sa ido. Da rani kuwa a fita da su su bi rafin da ƙafa tare da masunta da makiyaya da manoman fadama, su gane wa idonsu inda zaizayar ƙasa ke ci, inda ake ɗibar yashi, da kwalbatin da leda ta toshe. Daga nan su dasa itatuwa a gaɓa, kowane aji da nasa, ya raine su har su kama ƙasa.

Littafin da aka cika shekara goma ana rubutawa dukiya ce. Da shi injiniya zai san girman kwalbatin da ya dace, mai unguwa kuma ya san inda bai kamata a yanka fili ba. Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jiha da Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, su haɗa hannu su riƙa karɓar waɗannan bayanai suna aiki da su.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya auna koginsu da hannunsa, in ya zama kansila ko kwamishina, da wuya ya sa hannu a gina gida a kan hanyar ruwa. Allah Ya sa mu dace.