Daga Tasker zuwa fadar Yamai: yadda batun asali ya bi Mohamed Bazoum

A Dawce da sauran garuruwan Matameye, da wuya a sami gidan da ba shi da dangi a Daura ko Kazaure. Mota ta tsallaka Ɗan Barto da safe, ta dawo da yamma. Shi ya sa tambayar da ta tashi a zaɓen 2020, wato wane ne ɗan Nijar na asali, ta shafi mutanen wannan yanki kai tsaye.

Wanda aka yi wa tambayar shi ne Mohamed Bazoum. An haife shi a 1960 a Bilabirin, cikin jihar Difa, ya tashi a Tasker, can arewacin Gure, a jihar Damagaram. Balarabe ne daga Awlad Sulaiman, kabilar da ta baro Fezzan, kudancin Libiya ta yau, a tsakiyar ƙarni na 19 bayan faɗa da Turkawa, ta zauna wajen Kanem da tafkin Chadi. Lokacin ba a ma shata iyakar da ake kira Nijar ba.

Makaranta ce ta fito da shi daga cikin makiyaya. Ya yi lise Amadou Kouran Daga a Zinder, ya karanta falsafa a jami'ar Dakar, ya dawo yana koyarwa. A ƙungiyar malamai ya koyi siyasa, kuma a 1990 yana cikin waɗanda suka kafa PNDS Tarayya tare da Mahamadou Issoufou. Tasker ta aike shi majalisar dokoki a 1993. Ya riƙe ministan harkokin waje sau biyu, a 1995 da kuma 2011, sannan ministan cikin gida daga 2016 zuwa 2020.

Duk tsawon shekarun nan maganar takardunsa ba ta tare masa hanya ba. Sai da ya nemi shugabancin ƙasa. Kundin tsarin mulkin 2010, a aya ta 47, ya ce ɗan takara dole ya kasance ɗan Nijar na asali. 'Yan adawa suka kai ƙara suna shakkar takardarsa ta zama ɗan ƙasa, kotun tsarin mulki ta yi watsi da ƙarar. A doka, asali magana ce ta haihuwa da iyaye. A filin kamfe kuwa wasu suka mayar da ita maganar launin fata, abin da bai kamata ba. Kuma yawancin 'ya'yan makiyaya da na ƙauye na wancan zamani ba a rubuta su ranar haihuwa ba, sai daga baya kotu ta ba su takarda. Idan aka bi wannan ma'auni, dattawa da dama a Matameye ba za su tsira ba.

Ranar 21 ga Fabrairun 2021 ya kara a zagaye na biyu da Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, ya samu kashi 55 da ɗoriya cikin 100. An rantsar da shi ranar 2 ga Afrilu, karo na farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki a Nijar. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojojin da ke gadinsa, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, suka tsare shi a fadar suka karɓe mulki, suna kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro.