Mawaƙin Da Ya Ɗauka Allah Ya Yashe Shi

Ran Lahadi mawaƙi yakan tashi ya rera waƙa, zuciyarmu ta yi sanyi, mu koma gida. Wa ke tambayarsa yadda ya kwana? Mun ɗauka wanda bakinsa ke cike da yabo ba shi da nauyin zuciya. Ga labarin wani mawaƙi na ƙasar Ingila da ke nuna ba haka ba ne.

Sunansa William Cowper, an haife shi a 1731. Yana shekara shida uwarsa ta rasu, aka kai shi makarantar kwana inda wani babban yaro ya yi ta cin zalinsa. Da ya girma ya koyi aikin lauya. A 1763 aka samo masa aikin akawu a Majalisar Dattawan Ingila, amma sai ya tsaya gaban manya sun yi masa tambayoyi tukuna. Tsoron wannan rana ya rikita shi, har ya nemi ya kashe kansa. Aka kai shi gidan jinya na Likita Nathaniel Cotton, wani mai bi, a garin St Albans. A can ne ya karanta Romawa 3:25, ya ba da gaskiya, hankalinsa kuma ya kwanta.

A 1767 ya koma garin Olni tare da Mary Unwin, wata gwauruwa wadda ta riƙe shi kamar ɗanta. Faston garin shi ne John Newton, tsohon shugaban jirgin ruwa na fataucin bayi, wanda ya rubuta waƙar nan Amazing Grace.

To, ku dubi abin da Newton ya yi. Ya lura idan aka bar mutumin nan shi kaɗai a ɗaki, tunani zai cinye shi. Sai ya riƙa jansa zuwa gaishe da marasa lafiya da matalauta, suna tafe suna hira. Ya ga kuma Allah ya ba shi baiwar shirya waƙa, ya ce su haɗa hannu su yi wa ikilisiya littafin waƙoƙi. Littafin ya fito a 1779 da waƙoƙi 348, fiye da 60 a ciki na Cowper ne.

Amma tun aikin bai ƙare ba, a farkon 1773, ciwon ya dawo da ƙarfi. Cowper ya yi mafarki, ya tashi da tabbacin cewa Allah ya yashe shi har abada. Ya daina zuwa sujada. Newton ya karɓe shi a gidansa, ya zauna fiye da shekara guda, shi da matarsa da Mary suna tsaronsa dare da rana. Bai ce masa zunubi ne ya jawo ba, bai kuma cire waƙoƙinsa daga littafin ba. Maƙwabta suka ba shi zomaye ya yi kiwo. Ya kama aikin lambu da sassaƙa, a hankali ya koma rubutu.

A wurinmu fa? Idan mai kiɗa ko shugaban ƙungiyar mawaƙa ya soma janye jiki, ba ya barci, ba ya cin abinci, nan da nan mukan ce girman kai ne, ko ja da baya, ko aljanu. Ga shi sau da yawa ba a biyansa ko kwabo, yabo da suka kuma duk a bainar jama'a yake shan su. A ganina wannan ba daidai ba ne. Ku tuna da Iliya a ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa (1 Sarakuna 19). Abinci da ruwa da barci Ubangiji ya fara ba shi, magana ta biyo baya.

Muna kuma da abin da Newton ba shi da shi. Yau likitoci sun san wannan baƙin ciki mai tsanani ciwo ne, akwai maganinsa, na sha da na shawara. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Wanda ya furta maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi wurin likita a ranar, ana yi masa addu'a a hanya.

Cowper dai bai warke sarai ba. Newton ya koma Landan a 1780, amma bai fasa rubuta masa wasiƙa ba. Mary ta rasu a 1796, duhun ya ƙara rufe shi. Ya mutu ran 25 ga Afrilu 1800, yana ganin kansa yasasshe. Newton kuwa ya hau mumbari a Landan ya yi wa'azin tunawa da shi, ya shaida wa jama'a cewa abokinsa yana wurin Ubangiji.