'Yan wala-wala: yadda ake jera wasan karta uku har a cinye jarin mutum

Duk wanda ke cin kasuwar Matameye ya san irin cikar da take yi, daga masu rake da gyaɗa har fataken da ke biyo hanyar Ɗan Barto daga Daura. To inda kuɗi ke yawo a hannu, nan 'yan wala-wala ke son shimfiɗa kwalinsu, kamar yadda suke yi a tashoshin mota da kasuwannin ƙasar Hausa. Karta uku ce kawai, biyu baƙaƙe ɗaya ja, wai ka nuna jar ka ci ninkin abin da ka ajiye. Faransawa na kiran wasan bonneteau.

Mutane na ɗauka saurin hannu ne ke cinye su. Mu a ganinmu jerin wasan ya fi hannun aiki. Masu rufa-ido na dandali a Turai ma haka suke tsara nasu, su buɗe da ƙaramar dabara don a saki jiki, su ajiye babbar sai ƙarshe. Sai dai su kuɗin kallo kawai suke karɓa.

Da farko mai kartar zai yi ta jefawa a hankali, har yaro ya gane inda jar ta faɗi. Sai wani ya ajiye jika guda ya ci, ya yi ta murna. Yaronsa ne. Can kuma wani ya nuna wadda kowa ya ga ba ita ba ce, a cinye shi, ke kuma Hajiya da ke tsaye da kuɗin ciniki a bakin zane ki ce a ranki, ai da ni ce da na ci. Wannan faɗuwar ma shiri ce, kuma ta fi cin na farkon jan hankali.

Idan kin ajiye 'yan daloli, ana iya barin ki ci. Sai kin kwance jarin ne hannun zai canza: yana riƙe da karta biyu a hannu ɗaya, ya saki ta sama alhali ido na bin ta ƙasa.

Ta ƙarshe an tanade ta ne don wanda ke jin shi mai wayo ne. Mai kartar zai waiwaya kamar an kira shi, yaronsa ya lanƙwasa kusurwar jar, ya ƙyafta wa mutane ido. Wajen tattarawa sai ya miƙar da ita ya lanƙwasa baƙa. Wanda aka cinye a nan da wuya ya je wurin jandarma, don ya san shi ma cuta ya yi niyya.

In kuma aka yi rashin sa'a baƙo ya dafa jar da kuɗi masu yawa, nan take ɗayansu zai ajiye fiye da nasa a ce nasa aka karɓa, ko a yi ihun ga 'yan sanda nan, a naɗe kwali kowa ya watse.