Minsharin Da Ke Ɗauke Numfashi

Akwai minsharin da ba abin dariya ba ne: maƙogwaro ya toshe, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa a dare guda. A 1981 Dokta Colin Sullivan na Sidni ya bayyana na'ura mai hura iska ta buɗe hanyar.

A asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akan auna barcin masu wannan ciwo. Takunkumin hanci ya fi sauƙi, shi likitoci kan fara bayarwa. Amma mai barci baki buɗe, iskar za ta tsere, sai mai rufe hanci da baki. Shi kuwa wannan, gemu kan hana shi kama fuska sosai. To, malamanmu masu gemu, ku tuna wa likita tun kafin ku saya.